Yadda Muka Auna Ɗan Baushe

Ku da kuke zama a nan tashar jiragen ruwa ta Yelwa kuna kallon damisar Indiya a waya, na ji abin da kuke cewa. Wai da za a ɗauke ku aikin gandun daji da kun huta, tunda yawo ne kawai da kaki da takalmi. To ku matso. Ni ne Sahabi, ɗan masunci daga Wara, kuma ƙuruciyata da ƙarfina duk a hayin ruwan can na bar su, ina bin sawun zaki da damisa ina auna su.

Ba da niyya na shiga ba. Ina tuƙa jirgin babana ne, ina ƙetarar da ma'aikatan gandu duk lokacin da nasu ya lalace, kuma yakan lalace sau da yawa. Da suka nemi lebura wanda ya san ruwa sai aka ce ga ni. Ranar da na gaya wa Inna tana gyaran kifi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Dorina da kada ba su ishe ka ba, sai ka haɗa da zaki?" Washegari ta ƙulla mini busasshen kifi da gari a tsumma, na ƙetare.

Aikina na farko a wata mashaya ne da muke kira Mashayar Kanya. An haɗa ni da Baba Jatau, wani dattijo Bakambare daga ƙasar Ngaski, tsohon maharbi da ya ajiye baka ya koma tsaron abin da yake harbi a da. Ba ya son magana da safe. Muka isa bakin ruwa, ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Wanga sawu na wane na?"

Na duba, na ga babban sawu mai yatsu huɗu. Na ce, "Zaki ne, Baba."

"Duƙa."

Na duƙa.

"Mi kag gani gaban yatsun?"

"Kamar alamar farce."

"Zaki ba ya tahiya da farce waje. Ɓoye su yakai, don kaihinsu. Wagga kura ta. Duba bayan tahin: kura lanƙwasa biyu gare ta, zaki da damisa ukku. In ka sake kiran kura zaki, sai ka koma ga jirginku."

Ban koma jirgi ba, amma na yi damina biyu ina ɗaukar masa gora da jaka kafin ya yarda in riƙe tef ɗin awo.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tef, akwai garin filasta irin wanda ake ɗaurin karaya da shi a asibiti, akwai gwangwanin da muka yanke gindinsa ya zama zobe, sai gorar ruwa da gashin zabo. In ka sami sawu mai kyau, za ka share ƙwarin da tsakuwar da suka faɗa ciki da gashin zabon nan, a hankali, ba tare da ka taɓa gefen ba. Ka kewaye shi da zoben gwangwani, ka dama filasta kamar kunu mai ɗan kauri, ka zuba daga gefe. In ka zuba daga sama ka rushe yatsun. Sai ka zauna ka jira ya bushe, ƙudan tsando suna cizon ka ta cikin riga, ba ka da damar tashi domin biri zai iya zuwa ya taka.

Kuma ƙasa tana ƙarya. Wannan ne abin da ya fi ba ni wuya. Taɓo yana buɗe sawu, sai zakanya ta zama ƙaton namiji. Busasshen yashi yana zubewa ciki, sai namiji ya zama ɗan yaro. Ƙasar da ake so ita ce mai ɗan danshi, wadda in ka danna babban yatsa za ta riƙe zanen fatarka. Lokaci ma yana da nasa. Da hantsi, rana tana gefe, inuwa takan kwanta cikin sawu ka ga komai. Da rana ta take tsaka sai ka wuce ta kansa ba ka sani ba.

Baba Jatau ya koya mini gina dabba daga ƙasa zuwa sama. Dagin gaba ya fi na baya faɗi, domin nauyin zaki a ƙirji da kafaɗa yake. Tazarar taku tana gaya maka tsawonsa. Inda ya ratsa ƙarƙashin ƙaya ya bar gashi, ka auna daga ƙasa, ka san tsayin kafaɗarsa. Inda ya kwanta a yashi, in iska ba ta share ba, za ka ga cinya da gwiwar hannu da inda wutsiya ta yi ta shara. Ita damisa tamu ta nan, mai ɗigo-ɗigo, ba ta kai rabin zaki ba, sawunta ƙarami ne a dunƙule, amma a jikin itace za ka san ƙarfinta. Na taɓa ganin mariya sukutum a rataye a reshen maɗaci, can sama inda ni ba zan hau da buta ba, ita kuwa da haƙori ta hau da ita.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai 'yan makaranta, akwai masu bincike, akwai masu yawon buɗe ido. Wani Alhaji ya zo daga Abuja da iyalinsa a mota mai sanyi, ya ce yana son ya ga zaki kafin azahar domin yana da ɗaurin aure. Muka zaga da shi, muka nuna masa gwanki da ɓauna, daga ƙarshe muka sami sabon sawu, ɗanye, gefensa bai ko bushe ba. Na ce, "Alhaji, yanzun nan ya wuce." Ya leƙo ta taga ya ce, "To ni yanzu da rami zan ɗauki hoto?" Matarsa ce ta sauko, ta sa tafin hannunta kusa da sawun, ta daɗe tana kallo. Sai da ya yi ta danna oda kafin ta koma.

Ita damisar Indiya da kuke kallo, ni na taɓa riƙe ƙafarta a hannuna, kodayake ban taɓa barin ƙasar nan ba. Wata likitar dabbobi ce aka turo mana, Likita Rabi, mutuniyar Zariya. Ta yi wani kwas a wani gandun daji a can Indiya, ta dawo da filastar sawun namijin damisarsu a nannaɗe cikin zane. Ranar da ta buɗe shi a barandar sansaninmu, Baba Jatau ya shiga ɗaki ya ɗauko mafi girman sawun zaki da muke da shi, ya ajiye su gefe da gefe. Na Indiya ya ɗan fi faɗi, kuma a murabba'i yake kamar an yanka shi da wuƙa.

Baba ya shafa shi ya ce, "Likita, wanga ya hi namu tsawo ga kafaɗa ke nan."

Ta ce, "Ba lallai ba, Baba. A tsaye kusan ɗaya suke, wani lokaci ma zaki ya ɗara shi. Amma wannan ya fi tsawon jiki, ya fi nauyi. Damtsensa kamar turmi. In yana tafiya kansa a ƙasa yake, kafaɗun suna hawa suna sauka."

"Geza fa?"

"Babu. Sai ɗan gashi a kumatu. Jikinsa ja ne da ratsin baƙi, in ya shiga doguwar ciyawa sai ya ɓace maka kana kallonsa. Kuma yana son ruwa. Da zafi ya yi sai ya shiga tafki ya zauna har wuya."

Baba ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, "To wanga ɗan'uwan Sahabi na." Sannan ya tambaye ta su nawa suke tafiya a garke. Ta ce ba su da garke, kowanne shi kaɗai yake rayuwa a yankinsa, in ba uwa da 'ya'ya ba. Baba ya juya filastar a hannunsa ya ce shi bai ga amfanin wannan girman ba in babu wanda za ka kwanta kusa da shi da rana.

Likita Rabi ta zo ne domin a sa wa zaki ɗaya abin wuya mai rediyo, a riƙa sanin inda yake. Wanda muka zaɓa wani namiji ne da muka daɗe muna bin sawunsa, mai ɗan yatsa ɗaya a karkace a dagin gaba na hagu. Yana tare da zakanya biyu. Muka ɗaure naman gwanki a gindin wani baushe, muka ɓoye a mota, da gari ya fara wayewa ya fito. Likita ta harbe shi da bindigar allura a cinya. Ya yi tsalle, ya juya ya ciji wurin, ya yi 'yar tafiya, ya zauna, ya kwanta. Muka kori matan da ƙarar mota. Baba ya fara sauka, ya jefe shi da ɗan dutse, ya taɓa wutsiyar da sanda, ya ja kunnen. Sannan ya ɗaga mana hannu. Daga ranar muke kiransa Ɗan Baushe.

Shekaru ina auna ramin da yake bari a ƙasa, amma ban san shi ba sai ranar. Idonsa a buɗe yake duk da barcin, Likita ta shafa masa magani ta rufe fuskar da tawul. Ta ce in ɗaga mata hannunsa na gaba. Na sa hannu ɗaya na kasa, sai da na sa biyu na tallabe shi a ƙirji kamar buhu. Dagin ya rufe fuskata. Da na danna yatsa ɗaya, farce ya fito a lanƙwashe kamar ƙugiyar kama giwan ruwa. Damtsen ba kitse ko kaɗan, kana shafawa kana jin jijiyoyi kamar igiyar jirgi. Kugunsa kuwa siriri ne, duk ginin a gaba yake. Fatar cikinsa sako-sako ce, kana iya kamawa ka ja, Baba ya ce don in ɓauna ta kai masa ƙaho ta sami fata ba hanji ba. Gezarsa ba irin ta hoton kalanda ba ce. Zakunanmu na nan ba su da yawan geza, ɗan gashi ne a wuya da ƙirji, a cukurkuɗe da ƙaya. Likita ta buɗe bakin, ta auna fiƙa, ta nuna mini harshen. Na shafa, kamar ka shafa magagari.

Awon nauyi ne ya fi ba mu wuya. Muka mirgina shi kan tamfol, muka haɗa kusurwa huɗu a ƙugiyar sikeli da muka rataya a reshen baushen, mu shida muna jan igiya. Ya haura buhun shinkafa uku. Muna cikin saukar da shi kunnensa ya motsa. Likita ta ce, cikin sanyin murya, "Kowa mota." Ban taɓa ganin Baba Jatau yana gudu ba sai ranar, kuma ya riga ni shiga.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu kyau. Zakanyar nan biyu suka haihu. Da safe in ka je Mashayar Kanya sai ka ga ƙasa ta cika da rubutu: manyan sawu, matsakaita, da ƙanana kamar na kyanwa suna hawa kan juna. In Ɗan Baushe ya yi ruri da asuba, matan su amsa daga wani gefe, kwanon shan ruwanmu har rawa yake a kan benci.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi gardama, ruwan tafki ya ja baya har jirage suna zama a kan laka nesa da tasha. Ciyawa ta ƙare a waje, shanu suka yi ta shigowa gandu daga ko'ina, na mutanen da muka sani da na waɗanda ba mu taɓa gani ba. Namun daji suka watse. Zakuna suka fara taɓa shanu. Wata safiya muka ga ungulaye suna faɗowa daga itace kamar 'ya'yan kanya. Muka bi, muka tarar da mushen saniya an tsaga shi an barbaɗa masa maganin ƙwarin gona. Zakanya ɗaya tana kwance a kansa. Ɗayar ta kai bakin ruwa kafin ta faɗi. 'Ya'yan suna tsakanin nan da can, duk sun mutu. Har yau ban san wanda ya yi ba.

Aiki ya ce a auna, muka auna. Likita tana faɗa ina rubutawa, muka gama da manya muka koma kan ƙanana. Muka tara itace muka ƙone su duka tare da mushen, don kada kura da sauran ungulaye su ci. Ɗan Baushe bai ci ba, domin a kwanakin yana can arewa yana zaga iyakarsa. Da ya dawo, sawunsa ya kewaye tokar nan ya sake kewayewa.

Baba Jatau bai ƙara wata guda a wurin aiki ba. Ya kira ni ya ba ni sandarsa, wadda ya yi wa tsaga-tsaga na awo tun kafin a kawo mana tef.

Na ce, "Baba, ina za ka?"

"Gida. Gwiwa ta gaji."

"Ai saura shi."

"Saura shi. Kai ka bi shi. Ni na ga abin da nig gani."

Ni na ƙetarar da shi a jirgi har Wara, ya hau babur zuwa ƙauyensu. Bayan shekara aka aiko mini cewa ya rasu.

Daga nan abubuwa suka yi ta raguwa. Aka mayar da Likita Rabi wani wuri, ta bar mini filastar Indiya. Mutane masu bindiga suka fara zama a can cikin dajin, baƙi suka daina zuwa, aka rufe sansanonin ciki aka kwashe ma'aikata. Namu na bakin ruwa ne, aka bar shi. Da farko mu uku ne, sai ɗaya ya nemi canji, ɗayan ya tafi jinyar mahaifinsa bai dawo ba. Batirin abin wuyan Ɗan Baushe ya mutu, na koma bin sa da ido kamar yadda aka koya mini. Ina dafa abincina, in ci, in wanke kwano ɗaya. Rediyon sansani in na kira sau da yawa sai shuuu kawai. Nakan yi kwanaki ban yi magana da kowa ba, in ban da sallama ga masunta daga nesa. Da asuba Ɗan Baushe yakan yi ruri, ya dakata daidai inda matan suke amsawa a da, sannan ya ci gaba.

Wata ranar kasuwar Wara, da hantsi, Ardo Buba ya zo sansani. Dattijon Bafulatani ne da rugarsa take bakin iyakar gandu tun kafin in fara aiki, muna gaisawa, wani lokaci matansa su kawo mini nono. Ranar bai zauna ba. 'Ya'yansa biyu suna bayansa, babban yana rataye da bindigar toka.

"Malam Sahabi, an kashe mini karsana. Ta jikana ce, wadda na ba shi ranar suna. Yaran ga sun ce zakinka ne. Ni na ce a zo da kai ka duba tukuna."

Na ɗauki tef da sandar Baba muka tafi. A hanya ina ta fatan in ga farce a gaban yatsu. In kura ce, magana ta ƙare. Muka isa wani kwari kusa da mashaya. Karsanar tana kwance, an ci cinya ɗaya da ciki. Na duba wuyan, ramukan fiƙa ne a maƙogwaro. Na zaga na sami ƙasa mai danshi. Lanƙwasa uku, ba farce, ɗan yatsan hagu a karkace. Na sa tef duk da na riga na sani.

Babban ɗan ya ce, "To?"

Na ce, "Shi ne."

Ya gyara bindigarsa. Ardo ya ɗaga masa hannu, ya ce da ni, "Na zaci za ka ce kura ce."

"Da na ce kura ce, gobe ba za ka sake zuwa ka tambaye ni ba. Amma zo ka ga wani abu, Ardo."

Na nuna masa takun. A da ƙafar baya takan wuce inda ta gaba ta sauka. Yanzu ba ta kaiwa, kuma ta dama tana jan ƙasa. Na nuna masa inda ya yi ƙoƙarin jan karsanar zuwa inuwa ya kasa, ya bar ta a fili, alhali a da ko bijimi ne zai ja shi. Na nuna masa ramukan wuyan, uku ne ba huɗu ba, fiƙa ɗaya ta karye.

Na ce, "Ya tsufa, kuma ba shi da masu yi masa farauta. Ba zai iya kama gwanki ba. In shanunka suna shan ruwa a nan, zai sake. In ka mayar da su mashayar ƙasa, ka yi musu shingen ƙaya, ni zan zo in sare ƙayar da hannuna. Ba zai daɗe ba, Ardo. Ka bar shi ya mutu da kansa."

Ƙaramin ɗan ya ce mashayar ƙasa da nisa, ga laka, shanu suna maƙalewa. Gaskiya ya faɗa. Ardo ya daɗe yana kallon karsanar. Sannan ya ce, "Zan mayar da su. Amma in ya biyo su can, kada ka zo mini da tef."

Na yi kwanaki ina saran ƙaya tare da 'ya'yansa. Ba su yi mini magana ba sai ranar ƙarshe, da babban ya miƙo mini ƙwaryar fura.

Ɗan Baushe bai bi shanun ba. Na ci gaba da bin sa kowace safiya. Sawun ya daina nutsewa a ƙasa kamar da. Na ga inda ya tono gafiya, na ga inda ya ci mushen kifi a bakin tafki, na ga inda ya kama beguwa ya bar jini da ƙayoyinta. Wuraren kwanciyarsa suka yi ta matsowa kusa da juna. Ruri ya koma tari, daga baya na daina jin komai.

Na same shi a ƙarƙashin kanyar mashaya, kansa a kan hannuwansa, yana fuskantar ruwa. Na tsaya nesa na jefa dutse. Na jefa na biyu. Ƙudaje suka tashi suka koma. Na koma sansani na kira a rediyo, ba wanda ya amsa, na ɗauko kayan awo da fartanya na dawo.

Na yanke abin wuyan, wanda yanzu hannuna biyu suna shiga tsakaninsa da wuyan. Na fara awon tsawo. Na ɗora bakin tef a hancinsa na danne da dutse, in na ja zuwa wutsiya sai ya zame. Na sake, ya sake zamewa. Ina durƙushe ina neman dutse mafi nauyi na ji sallama. Ardo Buba ne da babban ɗansa, sun ga ungulaye biyu suna kewaya sama.

Ardo ya jingine sandarsa, ya tattare rigarsa, ya tsuguna a wajen kan. Ya ce, "Ina zan riƙe?"

Na nuna masa. Ya riƙe, muka auna tsawo, muka auna kafaɗa, muka auna ƙirji. Tsawon yana nan yadda yake. Ƙirjin ne ya ragu, ana ƙirga haƙarƙari da ido. Ardo ya ɗaga dagin gaba da hannu ɗaya, ya ɗora tafinsa a kai, ya ce, "Shekara da shekaru ina jin muryarsa, ban taɓa ganinsa ba. Ashe haka yake. Ƙashi ne manya-manya."

Ɗan ya ce masu magani a kasuwa suna neman kitsen zaki da fata, ko farce ɗaya aka kai musu za su karɓa. Ardo bai dube shi ba. Ya ce, "Ɗauki fartanya."

Mu uku muka haƙa ramin, ƙasar tana da tauri, sai bayan la'asar muka gama. Muka ja shi ciki, muka rufe, muka jera duwatsu saboda kura. Muka wanke hannu a mashaya muka yi salla a kan yashi.

Da za su tafi Ardo ya tsaya ya ce, "Akwai wani?"

Na ce, "A wannan ɓangare namu, ban ga sawun wani ba."

"Ko mace?"

"Ko mace."

Ya ɗauki sandarsa ya saɓa a kafaɗa. "To gobe me za ka auna, Malam Sahabi?"

Na ce, "Zan dai fita in duba."

Washegari da hantsi na cika gora, na zuba filasta a jaka, na sauka mashaya. Akwai sawun gada, akwai na biri, akwai na kura ɗaya da ta zo ta shinshina duwatsun ta wuce. Na bi bakin ruwan har ƙarshensa, na dawo ta ɗaya gefen.